Haƙurin da Ba a Aike Ni da Shi Ba

Mu uku ne a biro ɗaya, wato ofis, a wani labo da ke Bron, gefen birnin Lyon na Faransa, inda muke auna gubar da ke cikin ruwan rijiyoyi. Ni Nouhou, ɗan Damagaram, wato Zinder, sai Tariq, mutumin Bengal ta ƙasar Indiya, sai Graham, Baturen Ingila, dogo, wanda ko ƙofa ya buge sai ya ba ta haƙuri. Shekara huɗu muka yi tare. Su biyun sun riga ni sabawa, don suna da wani wasa na sanda da ƙwallo da ake kwana biyar ana yi ba a gama ba, kuma kullum a kansa suke gardama. Ni dai na gaya musu duk wasan da za a tsaya a ci abincin rana a tsakiyarsa ba wasa ba ne, rashin aikin yi ne.

Tariq ɗan'uwana ne, ba na jin kunyar faɗa. Lokacin da matata Kausar ta haihu, shi ya riƙe mini aikina sati biyu bai bari kowa ya sani ba. Graham kuwa shi ya gyara mini Ingilishin duk takardar da na taɓa bugawa, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Zaman biron nan shi ne abin da ya fi mini daɗi a Lyon, shi ya sa da ya fara lalacewa na kasa zama in zuba ido.

Shugabar labonmu tana da wata al'ada. Duk Alhamis da ƙarfe huɗu a kan ajiye aiki a sha shayi, mutum ɗaya ya nuna hoto daga gida, wai don a san juna. Ni na nuna zauren gidanmu a unguwar Birni. Da layi ya zo kan Graham, sai ga shi da wani tsohon hoto da mahaifiyarsa ta tsinto a akwati tana shirin canza gida. Saurayin Bature ne da gajeren wando da malafa, a tsaye bakin kogi, yana murmushi. A bayansa jiragen ruwa ne na katako, an kifa su a kan tudu, an jibge wani kan wani, har iyakar hoton. A bayan takardar an rubuta 1942.

"Kakana ne," in ji Graham. "Shekararsa ashirin da huɗu a nan. Kullum cewa yake Bengal ce ta mai da shi mutum. Har ya mutu yana son ƙasarku, Tariq."

Tariq ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ka san abin da ya hawar da jiragen nan kan tudu?"

Graham ya ce watakila lokacin gyara ne.

Tariq bai ɗaga murya ba. Ya ce a shekarar nan Turawan Ingila sun ji tsoron sojojin Japan za su shigo ta ruwa, sai suka ba da umarni a kwashe jiragen mutane. A ƙasar da kogi shi ne hanya, shi ne kasuwa, shi ne gona. Masunci ba kifi, mai shinkafa ba abin ɗaukar ta. Shekarar da ta biyo baya aka yi yunwar da ta kashe mutane miliyoyi. Ya ajiye hoton a kan tebur ya ce, "Mahaifin kakata yana da jirgi ɗaya. Irin waɗannan ne."

Da Graham ya yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma fuskarsa ta yi ja, kuma mutum in ana taɓa kakansa a gaban jama'a bakinsa kan riga hankalinsa. Ya ce, "Yaƙi ake yi, Tariq. Kuma yaro ne, umarni aka ba shi."

Tariq ya ajiye kofinsa, shayin ko rabi bai sha ba, ya fita.

Sati uku ba su yi magana ba. Tebur biyu da bai fi taku uku tsakaninsu ba, amma sai su riƙa aika wa juna saƙo ta kwamfuta, su sa sunana a ciki kamar ni ne alƙali. Ina zaune a tsakiya, na ji wannan yana buga madannai, na ji kwamfutar wancan ta yi ƙara. Abin ya ishe ni. Manyan mutane da digiri uku-uku, suna gaba irin ta 'yan lakwal, yaran makaranta.

A nan ne na tuna da mahaifina, Malam Sa'idu, Allah ya ji ƙansa. Shi ke sasanta dukawan unguwarmu idan sun saɓa. Yadda yake yi, sai ya je wurin na farko ya ce, "Wane ya aiko ni, ya ce ka yi haƙuri." Ya je wurin na biyu ya ce, "Wane ya ce komai ya wuce." Ba wanda ya aike shi. Kowa a Birni ya san ba wanda ya aike shi, kuma ba wanda zai tambaya, don an san aron baki ne ya ba su saboda kowa ya tsira da mutuncinsa. Sai ya rufe da cewa kada a sake ta da maganar. Washegari ka gan su suna cin goro ɗaya. Na taso ina ganin wannan shi ne iyakar hikima, har yanzu ma ban ce ba hikima ba ce.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara mini ƙarfin hali. Ni ma ina da kaka. Ya yi aikin dole zamanin Faransawa, ya ɗauki kaya a ka har gashin tsakiyar kansa bai sake tsirowa ba. Ba wanda ya taɓa ba shi haƙuri, kuma ga ni ina hawa tram, jirgin cikin gari, a ƙasarsu ina cin burodinsu. Sai na ɗauka na fi su sanin yadda ake zama da irin wannan abu. Girman kai ne, amma a lokacin sunansa gogewa.

Na fara da Graham, a wurin cin abinci. Ya rame, ya bar gemu. Na ce masa ai kalma ɗaya ce, ya je ya faɗa a huta.

Ya ce, "Na sani. Amma akwai littattafan da kakana ya riƙa rubuta abin da yake yi kullum, suna wurin mahaifiyata. Na ce ta aiko mini. Ina so in karanta tukuna, in san abin da ya yi da hannunsa. Mutumin nan shi ya koya mini iyo, Nouhou. In na ba da haƙuri yau, don biro ya yi daɗin zama ne kawai, kuma Tariq ya fi ƙarfin wannan. Ka ba ni lokaci."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuci, mutumin da ke ba ƙofa haƙuri sau goma a yini, yau ɗan Adam ke buƙata ya ce sai ya yi bincike. Ban saurari ƙarshen maganarsa da kyau ba. Da na saurara, da na ji cewa alkawari ya yi mini.

Da yamma na tare Tariq a tashar tram. Na gyara murya irin ta mahaifina na ce, "Graham ya aiko ni. Ya ce ka yi haƙuri. Ya ce abin da kakansa ya yi zalunci ne, kunya ce ta hana shi zuwa da kansa."

Tariq ya tsaya cak. "Shi ya ce zalunci?"

"Da bakinsa."

Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ya ce, "Ban taɓa jin ɗayansu ya faɗi haka ba. Ko a littafi sai su ce kuskure." Tram ta zo ta tafi ba mu shiga ba.

Washegari na gaya wa Graham cewa Tariq ya ce komai ya wuce, shi ma ya yi zafi da yawa, kuma roƙonsa ɗaya, kada a sake ta da maganar. Graham ya sauke numfashi ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Da na ba Kausar labari ina jiran yabo, sai ta ajiye cokali ta dube ni. Ita a nan Faransa aka haife ta, iyayenta mutanen Maraɗi ne, kuma Hausarta rabi Faransanci ce idan ta fusata.

"Mais Nouhou, ça va pas? Kanka ɗaya kuwa? Ai ƙarya ka yi musu."

"Ba ƙarya ba ce, sulhu ne."

"A Zinder sulhu ne, parce que kowa ya san yadda ake yi. Su waɗannan ba su sani ba. In ka ce ya ce, sun ɗauka ya ce."

Na ce mata ta bar maganar manya. Ta ce to, babba, Allah ya ba da sa'a.

Kuma abin ya yi aiki, wannan shi ne abin haushin. Ranar Litinin Tariq ya haɗa shayi kofi biyu ya ajiye ɗaya a teburin Graham. Kafin Laraba sun koma gardamar sanda da ƙwallo. Na riƙa yawo a labo ina jin kaina, har na so a ce mahaifina yana raye in buga masa waya.

Bayan sati biyu Tariq ya same mu da fara'a. Ya ce kakarsa ta wajen uwa, wadda yake kira Nani, tana Paris. Kawunsa mai shagon waya a unguwar Barbès ya kawo ta a yi mata aikin ido, tana gidansa a La Courneuve, gefen Paris. Shekararta tamanin da shida. Ya ce ya ba ta labarin Graham, ta ce tana son ganinsa, mu zo cin abinci ranar Asabar. Graham ya ce da farin ciki. Da Graham ya fita, Tariq ya matso kusa da ni ya ce, "Na gaya mata abin da ya aiko ka da shi. Ta sa na maimaita mata sau uku."

Kwana biyar ke gare ni in faɗi gaskiya. Kowace safiya sai in ce yau, kowace yamma sai in ce ai cin abinci ne kawai, za a gaisa a ci a tashi. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa na safe a tashar Part-Dieu mu uku, Graham riƙe da furanni.

Gidan yana hawa na tara, kusa da rukunin gidajen da ake kira 4000. Na'urar hawa bene ta lalace, muka taka. Tun daga hawa na bakwai muke jin ƙanshin soyayyen kifi. Nani 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta yafa farin zane mai bakin shuɗi, ido ɗaya a rufe da auduga. Matar kawun ta ce mana tun asuba take tsaye, ta hana kowa taɓa tukunyar shinkafa, kuma zanen nan na Idi ne. Ta zaunar da Graham a kujerar da ke fuskantarta. Ita ta zuba masa da hannunta, ta cire masa ƙayar kifin, ta ƙara masa sau biyu.

Da aka kwashe kwanuka, ta fara magana da harshensu, Tariq yana mayar mana da Faransanci. Ta ce tana da shekara biyar aka zo aka tafi da jirgin babanta, ya bi shi a ƙafa ta bakin kogi har yamma, ya dawo shi kaɗai. Ta ce da yunwa ta yi tsanani suka taka zuwa Kalkata, ita da uwarta da ƙannenta maza biyu. A can ba shinkafa suke roƙo ba, don ba mai bayarwa. Ruwan da ake tacewa daga dafaffiyar shinkafa a zubar, shi suke bi ƙofa-ƙofa suna roƙo. Ta faɗi sunayen ƙannen nata biyu, ta faɗi unguwar da aka bar kowannensu. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama sai ta gyara zanenta, ta miƙe zaune sosai, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta juya lafiyayyen idonta kan Graham.

Kowa ya san abin da take jira, ban da mutum ɗaya.

Idon Graham ya cika da hawaye. Na ga bakinsa yana motsi, na ga kuma ya tuna an roƙe shi kada ya ta da maganar. Ya ce, "Ka gaya mata na gode da ta ba ni wannan labari. Abu ne mai ban tsoro. Kuma na gode da abinci."

Tariq bai fassara ba. Ya ce a hankali, "Graham, gaya mata abin da ka gaya wa Nouhou. Daga bakinka take son ji."

"Abin da na gaya wa Nouhou?" Graham ya dube ni, ya dubi Tariq. "Na ce masa ban karanta littattafan ba tukuna. Na ce ya ba ni lokaci."

Tariq ya juyo ya kalle ni. Ban taɓa ganin mutum ya gane abu da sauri haka ba. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙwayar shinkafa ɗaya da ta faɗi a kan leda.

Nani ta taɓa hannun jikanta ta yi tambaya. Ba sai na iya harshensu ba, na san cewa take, me ya ce? Tariq ya juya gare ta ya fara magana, a hankali, ya daɗe yana yi, ya fi abin da Graham ya faɗa tsawo sau biyar. Tsohuwar tana gyaɗa kai. Da ya gama ta rufe idonta. Ta yafito Graham. Ya taso ya durƙusa a gabanta don ya yi mata tsawo, ta ɗora tafin hannunta a kansa ta yi masa addu'a mai tsawo, muka shafa. Graham ya shafa shi ma, yana kallonmu bai san abin da ake ciki ba.

Tariq ya ce shi zai kwana a Paris. Ya rako mu, Graham ya yi gaba, mu muka tsaya a hawa na huɗu, wurin da wani ya jingina keken yara.

"Tariq, haka ake yi a wajenmu," na ce. "Niyyata..."

"To ku yi a wajenku." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Shekara tamanin tana jiran wani daga cikinsu ya faɗi maganar nan. Yau ta sa zanen Idi. Me kake so in ce mata? Na ce mata ya ce zalunci ne, na ce ya roƙi gafarar ƙannenta da sunansu. Ni na ƙirƙira, a gabanta, tana riƙe da hannuna. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, Nouhou, ko ina yaro. Kai ka sa ni."

Na ce ya yafe mini. Ya ce zai yi ƙoƙari, ya juya ya hau bene.

A jirgin komawa na gaya wa Graham komai. Har muka wuce rabin hanya yana kallon gonaki ta taga. Can ya ce, "Me ya sa ba ka jira ni ba?" Mahaifina bai taɓa haɗuwa da wanda ya ce a jira shi ba, ko kuwa ya haɗu da shi ya jira, ni ne ban lura ba.

Zaman biro ya koma na gaisuwa da aiki. Ba gaba, ba gardama. Tariq yana amsa sallamata cikakkiya, yana tambayar Kausar da yaro, amma in na zo da wasa sai ya yi murmushi ya koma kan aikinsa. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Nani ta koma gida da idonta ya warke. A watan Nuwamba Tariq ya ɗauki hutun kwana goma, da ya dawo ya gaya mini ta rasu, cikin barci. Na yi masa ta'aziyya, ya karɓa. Graham yana wani taro a lokacin, kuma ba wanda ya gaya masa. Ni na sa a raina Tariq zai faɗa, shi kuma ban san abin da ya sa a ransa ba.

Farkon Disamba, da safe, Graham ya shigo bai cire rigar sanyi ba ya tsaya gaban teburin Tariq, da ambulan a hannu. Ya ce littattafan sun iso tun watan jiya, ya karanta su duka. Ya ce kakansa ya rubuta adadin jiragen kowane ƙauye da hannunsa, ya rubuta cewa mutane sun bi shi suna roƙo, ya sa an kore su, kuma a shafin da ke biye yana yabon kyan faɗuwar rana. Ya ce sati uku yana rubuta wasiƙar nan, shafi biyu ce kawai. Kalmar zalunci tana ciki, da sunayen yaran biyu, ya riƙe su tun ranar. Ya roƙi Tariq ya fassara mata, ko in za ta yarda, shi ya je har can ya karanta mata da bakinsa.

Tariq ya dubi ambulan ɗin, bai miƙa hannu ba.

"Ta rasu, Graham. Sati uku ke nan. Ka ajiye abinka. A wajenta ka riga ka faɗa."

Ya jawo kujerarsa ya koma kan allon kwamfuta, amma na ga ba karatu yake ba. Da na bari, da tsohuwar nan ta ji ta gaskiya ko ba ta ji ba, Allah ne ya sani, amma da ba a sallame ta da ta ƙarya ba, kuma da wannan takarda tana da inda za ta. Ni na yi wannan, da kyakkyawar niyya, kuma nadamarsa ba ta sake ni ba har yau.

Graham ya juyo ya dube ni da ambulan a hannu, kamar ni zan gaya masa inda zai kai ta. Ban san inda zai kai ta ba.